Yadda Ake Ƙera Benci da Tsoffin Ƙarafa: Daga Wurin 'Yan Gwangwan Zuwa Tsakar Gida

Akwai wani benci a tsakar gidanmu da na haɗa da ƙarfen tsohon gado da guntayen bututu. Kusan duk baƙon da ya zauna a kai, da ya ji cewa daga wurin 'yan gwangwan kayan suka fito, sai ya fara tambaya: wane ƙarfe ake saye, wane inji, nawa ake kashewa, shin wanda bai taɓa riƙe sandar walda ba zai iya? Zai iya. Amma abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, a aikin tsohon ƙarfe waldar kanta ita ce ƙaramin ɓangare. Zaɓen ƙarfe, goge shi, da daidaita kusurwa kafin a ƙona, su ne ke raba benci mai tsayuwa daram da wanda ke rawa.

Bencin da za mu yi tsawonsa santimita 120, faɗinsa 30, tsayinsa kusan 45. Na zaɓe shi ne domin duk abin da ake buƙata a teburi ko gado yana cikinsa: firam, ƙafafu, da tokare.

1. Tanadi kayan aiki

Kana buƙatar injin walda na lantarki. Ƙaramin nan na zamani da ake ratayawa a kafaɗa, wanda ake kira inbata, ya wadatar, kuma ya fi tsohon mai nauyi sauƙin kama wuta ga ɗan koyo. Sai giranda mai ɗaukar faifan inci huɗu da rabi, da faifai iri biyu: siriri na yanka da mai kauri na guga. Sai tef na awo, sikwaya ta daidaita kusurwa, alli, guduma ƙarama, burushin waya, matsi guda biyu na riƙe ƙarfe, injin huda, da ɗan maganaɗisu ko na tsohuwar sifika ne.

Sandar walda ka nemi mai lamba 6013, geji 12, wato mai kaurin milimita 2.5. Geji 10 ta fi kauri, tana son wuta mai yawa, kuma za ta riƙa huda maka bututu. Ka ajiye sandunan inda ba laima, musamman da damina, don sandar da ta sha sanyi tartsatsi kawai take yi tana liƙewa.

Kayan kariya ba zaɓi ba ne: garkuwar fuska mai baƙin gilashi lamba 10 ko 11, farin tabarau na aikin giranda, safar hannu ta fata, rufaffen takalmi, da riga mai dogon hannu ta auduga.

Gargaɗi: tabaran rana ba ya kare ido daga hasken walda. Na taɓa yin ɗigon walda kaɗan ba garkuwa, ina ganin ai na ɗan lokaci ne. Cikin dare na farka kamar an zuba mini yashi a ido, hawaye na zuba, ban iya kallon fitila ba sai da aka kwana biyu. Haka kuma rigar leda ko ta ƙwallo tana narkewa ta manne a fata, babbar riga da jallabiya kuwa giranda na iya cafke su.

2. Lissafin kuɗi da wuta

Farashin ƙarfe yana motsi kusan kowane wata, don haka abin da zai amfane ka shi ne nauyi, tunda a kilo ake sayar da tsohon ƙarfe. Ƙarfen angul, wato mai gefe biyu kamar harafin L, mai faɗin milimita 40 da kaurin 3 yana da nauyin kusan kilo 1.8 a kowace mita, kuma muna buƙatar mita 2.8, wato kilo biyar da ɗan wani abu. Ƙafafu huɗu na bututu mai kusurwa huɗu, milimita 40, za su kai kilo uku. Tokare na bututun milimita 25 bai kai kilo biyu ba. Jimilla kusan kilo 10. Ka sayi 12 ko 13 saboda ɓarnar yanka da guntayen gwaji. Tambayi kuɗin kilo a ranar, ka ninka, sannan ka leƙa shagon sabon ƙarfe ka ji nawa ne tsayi guda. In bambancin bai taka kara ya karya ba, sayi sabon bututu don ƙafafu, ka bar angul ɗin ya zama tsoho.

Sauran kuɗin suna tafiya a katako ɗaya mai kaurin inci ɗaya da faɗin inci 12, faifan yanka uku, na guga ɗaya, sandar walda kamar 20, ƙaramin gwangwanin jan fentin hana tsatsa, fentin mai, tina mai sirka fenti, da sukurori.

Wuta ita ce babbar matsala. Ƙaramin janareton kallo da cajin waya ba zai ja injin walda ba, lalacewa zai yi. Ana buƙatar mai ƙarfin kVA 5 ko sama. In benci ɗaya kawai kake son gwadawa, kada ka sayi inji tukuna. Yi yanka da guga a gida, ka je wurin mai walda na unguwa, ka ce: "Maigida, ina so in yi aikina da kaina a injinka, nawa zan biya na awa biyu?" Da yawa suna yarda, kuma ga ƙarin riba: ido mai gogewa yana kallon hannunka.

3. Zaɓen ƙarfe a kasuwa

A Kano akwai Kasuwar Ƙofar Ruwa, a Kaduna akwai Panteka, a Yamai akwai Kasuwar Katako, kuma kusan kowane gari yana da filin 'yan gwangwan inda masu jari bola ke kai abin da suka tara. Je da safe da tef, maganaɗisu da guduma, ka sa safar hannu tun kafin ka fara tonon tuli.

Abin da ya fi dacewa shi ne angul na tsohon gado, na firam ɗin ƙofa ko na tankin ruwa, da bututun ƙafar teburin makaranta ko na rumfa. Kowane ƙarfe ka ɗauka ka yi masa gwaji uku. Ɗora maganaɗisu: in bai kama ba, sanholo ne ko wani iri daban, sandarka ba za ta ci shi ba. Buga shi da guduma: ƙarfe mai rai yana amsawa da ƙara mai tsawo, wanda tsatsa ta cinye kuwa ɓawo yake zubarwa, sautinsa a dushe. Sannan ka ɗaga shi zuwa ido ɗaya ka hango tsawonsa kamar mai duba sanda. Ɗan lanƙwasa guduma na gyara shi, amma angul da ya murɗe ka bar shi, ba ya komawa daidai.

Bututu yana da ha'inci, domin daga ciki yake ruɓewa. Duba bakinsa ka ga kaurin bango, kada ya gaza milimita ɗaya da rabi. Girgiza shi: in ka ji garin tsatsa na yawo a ciki, ko guduma ta loɓa shi cikin sauƙi, ajiye.

Akwai ƙarafan da maganaɗisu ke kamawa amma ba na ɗan koyo ba ne. Ƙarfen zubi, irin na gindin tsohon keken ɗinki ko kan inji, yana tsagewa in ya huce. Sifirin mota ma haka, waldarsa na iya ɓallewa rana tsaka da mutum a zaune. Wasu angul na gadajen waje ma suna da tauri sosai. In ka taɓa shi da giranda ka ga tartsatsin yana fashewa kamar taurari masu yawa, ko zarto ya ƙi cinsa, sake wani.

Gargaɗi: kada ka yanka ko ka ƙona duk abin da ya taɓa ɗaukar mai ko gas, ko durom ne, ko tankin babur, ko tukunyar gas, ko da an rantse maka cewa ya shekara a bushe. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa. Haka duk wani rufaffen ƙarfe da ba ka san asalinsa ba, balle mai kama da harsashi.

Gargaɗi na biyu: tambayi inda kaya suka fito. Murfin kwalbati, ƙarfen layin dogo, na turken lantarki da na gada dukiyar jama'a ne, mai saye da mai sata duk hannu ɗaya ake kama su. A watan Janairun 2025 hukumomin Abuja sun rufe kasuwannin panteka na mako biyu saboda irin wannan sata. Arha ba ta kai a kwana a caji ofis ba, kuma ramin da aka cire wa murfi wani ne zai faɗa ciki.

4. Shirya wurin aiki

Nemi daɓen siminti sumul wanda bai karkace ba, a fili inda iska ke wucewa. In daɓen ya karkace, firam ɗinka ma haka zai fito. Kawar da jarkar fetur, katifa, buhuna da busasshiyar ciyawa, don tartsatsin giranda na tafiya mita da yawa, kuma da hunturu komai a bushe yake. Ajiye bokitin yashi kusa. Ƙasa ta zama busasshiya, kai ma hannunka haka.

Yara suna son kallon wutar walda fiye da komai. Ka gaya wa uwargida tun da wuri a tsare su a ɗaki, ko ka kafa kwano ya tare hasken.

5. Goge tsatsa da fenti

Nan ne mutane ke gajiya su yi tsalle, nan ne kuma aiki ke lalacewa. Walda ba ta kama tsatsa, fenti ko maiƙo. In ka ƙona a kansu za ta yi ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, a ido ta haɗu, amma bugu ɗaya ya raba.

Bi dukkan ƙarfen da burushin waya ka zubar da ɓawon tsatsa. Duk inda walda za ta zauna kuwa, ka goge da faifan guga har sai ƙarfen ya yi fari yana ƙyalli, faɗin yatsu biyu a kowane gefe. Ka goge wani ɗan wuri daban don maƙala wayar at, wato wayar injin da ake maƙala wa ƙarfen aikin, domin in ta zauna a kan fenti wuta za ta riƙa yankewa, kai kuma ka ɗora wa inji laifi.

Gargaɗi: bututun ruwa mai launin toka da duk ƙarfen da aka yi wa rufi irin na kwano yana fitar da farin hayaƙi in ya ji wuta. Hayaƙin na jawo zazzaɓi, ciwon kai da makyarkyata bayan 'yan awanni. Ka guje shi, in kuma dole ne, goge rufin gaba ɗaya a wurin waldar ka tsaya ta inda iska ke fitowa. Tsohon fenti ma yana iya ƙunsar dalma, sa takunkumi lokacin guga.

6. Awo da yanka

Daga angul: biyu masu santimita 114, biyu masu 26. Daga bututun milimita 40: ƙafafu huɗu, kowace 42. Tokare kada ka yanka su yanzu, sai ƙafafu sun tsaya ka auna a jikin aikin.

Bakin kowane angul, a fuskar da za ta kalli sama, ka yanke shi a karkace, digiri 45, yadda biyu za su haɗu kamar kusurwar firam ɗin hoto. Sikwaya mai gefen 45 za ta ba ka layin. Awon 114 da 26 a dogon gefen ake yinsa, na waje. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin ƙarfe: a auna ta gajeren gefe, ko a karkata bakunan biyu zuwa ɓangare ɗaya. Jera su a ƙasa yadda za su zauna, ka zana da alli, sannan ka yanka.

Ƙafafun kuwa, bayan yanka ka haɗa su huɗun wuri ɗaya ka matse, ka goge bakunansu tare har su zama tsayi ɗaya. Milimita biyu kacal ta isa ta sa benci ya riƙa ƙwanƙwasa ƙasa.

Gargaɗi: kada ka cire murfin giranda, kada ka yi guga da gefen faifan yanka. Faifan na juyawa kusan sau 11,000 a minti, in ya fashe gutsattsarinsa fuska suke nufa. Matse ƙarfen kafin yanka, ka bar faifan ya ci da kansa ba tare da dannawa ba, kuma ka zare filogi duk lokacin da za ka canza faifai.

7. Gwaji a guntaye

Kafin ka taɓa bencin, ƙona sanda huɗu ko biyar a ragowar ƙarfe. Sa ma'aunin wutar injin a wajen amfiya 80 don angul. Ana kunna wutar ne kamar ƙyasta ashana: ka ja bakin sandar a kan ƙarfe, da ta kama ka ɗaga kaɗan, tazarar da ba ta wuce kaurin sandar ba. Karkatar da ita kaɗan zuwa inda kake tafiya, ka ja a hankali, kana sauke hannu yayin da take ƙarewa.

Kunne zai gaya maka gaskiya. Walda mai kyau ƙararta kamar ƙosai a cikin mai mai zafi, ba yankewa. In sanda na yawan liƙewa, wuta ta yi kaɗan, ƙara biyar. In ta liƙe, murɗa ta gefe da sauri ta saki. In ƙarfen na hujewa ko gefen waldar na zaizayewa, wuta ta yi yawa ko ka daɗe a wuri ɗaya. Bayan ta ɗan huce, buga ɓawon da ke sama da guduma, da tabarau a idonka domin yana tsalle da zafi. Haɗa guntaye biyu, ka sa su a ƙasa ka yi ta dukansu. In ƙarfen ya lanƙwashe waldar ba ta saki ba, ka shirya.

8. Haɗa firam

Kifa angul ɗin huɗu a daɓe, fuskar da katako zai zauna a kai tana ƙasa, ɗaya gefen yana tsaye sama. Daidaita kowace kusurwa da sikwaya, ka yi ɗigo ɗaya ƙarami kamar ƙwayar masara a kowace. Ɗigo kawai, ba cikakkiyar walda ba.

Yanzu auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta a gicciye, sannan ka auna ɗaya gicciyen. Dukansu su ba ka kusan santimita 117. In ɗaya ya fi, tsayar da firam ɗin ka ɗan buga kusurwar dogon gicciyen a ƙasa har su zo daidai. Wannan damar ɗigo ne kaɗai ke ba ka ita. Ƙara ɗigo na biyu a kowace kusurwa, ka sake aunawa.

Dalilin duk wannan shi ne walda tana ja. Ƙarfen da ya narke yana tsukewa in ya huce, sai ya janyo abin da ke gefensa. Wanda ya ƙone kusurwa ɗaya gaba ɗaya kafin ya kama sauran, zai iske ta huɗun ta buɗe baki.

9. Ƙafafu da tokare

Firam na nan a kife. Sa kowace ƙafa a cikin kusurwa, ta jingina da gefen angul biyu, ta zauna a kan na ƙasa. Matse ta, ka duba da sikwaya ta fuska biyu, ba ɗaya ba, sannan ɗigo biyu. Da ka gama huɗun, auna tazarar ƙafafu a gindi da kuma a can sama, su zama ɗaya.

Auna tsakanin ƙafafu biyu na kowane gajeren gefe, za ka samu wajen santimita 17 da 'yan kai. Yanka bututun milimita 25 guda biyu daidai wannan awon, ka kama su santimita 12 daga bakin da zai taɓa ƙasa. Sai dogon tokare da zai haɗa tsakiyar waɗannan biyun, kusan santimita 107, amma awon da tef ya ba ka shi za ka bi. Ƙara guntu ɗaya a tsakiyar firam, daga dogon gefe zuwa ɗayan, don katako ya samu madogara.

Juya bencin ya tsaya da ƙafafunsa. Danna kowace kusurwa. In yana rawa, yanzu ne lokacin karya ɗigo da giranda a gyara.

10. Cikakkiyar walda

Kada ka bi kusurwoyin a jere. Yi ɗaya, ka tsallaka zuwa ta gicciye, ka dawo, ka bar kowace ta sha iska. Juya bencin yadda kowace walda za ta zama a kwance, domin waldar tsaye tana zuba a hannun ɗan koyo.

Inda bututu ya haɗu da angul, rage wuta zuwa wajen 65 ko 70, kuma ka fi nuna bakin sandar ga angul tunda shi ne mai kauri, narkakken ƙarfen zai gangaro ya kama bututun. A bututu da bututu yi gajere-gajere: ƙona daƙiƙa ɗaya ko biyu, ɗaga, jira jan ya dushe, ka sake ɗorawa a gefen na farko. In ka huda, kada ka yi ta cusa wuta a ramin. Bari ya huce, cire ɓawo, ka riƙa ɗigo a gefensa kana zagayawa har ya rufe.

Gargaɗi: kullum cire ɓawo kafin ka sake bi ta kan walda, in ba haka ba za ka binne shi a ciki. Kada ka watsa wa walda ruwa don ta yi saurin hucewa. Kuma ƙarfen da ya daina ja bai daina ƙuna ba.

11. Guga, huda da fenti

Fuskar sama ta firam ka goge waldarta ta kwanta sumul don katako ya zauna. Waldar cikin kusurwoyi ka bar ta da kaurinta, ƙarfin bencin a nan yake, burushi kawai take buƙata. Bi duk wani baki mai kaifi ka dakusar da shi, ka shafa da safar hannu ka ji ko akwai abin da zai kama zane ko ƙafar yaro.

Huda ramuka na milimita 5 a fuskar sama, huɗu a kowane dogon gefe. Goge ƙarfen duka da tsumma da tina, nesa da wuta, bayan ya huce sarai. Shafa jan fentin hana tsatsa, ka cusa burushi cikin kusurwoyi inda tsatsa ke fara dawowa, ka bar shi ya kwana. Sai fentin mai sau biyu, siriri-siriri, da kwana ɗaya a tsakani. Da hunturu ka yi fenti a rumfa ka yayyafa ruwa a ƙasa, don ƙura na manne wa ɗanyen fenti.

12. Ɗora katako

Ka kai katakon wurin kafinta ya goge shi ya yanka santimita 120, ya kashe kaifin gefunan. Nemi busasshe, domin ɗanye zai tsuke ya tsage in ya sha rana. Shafa masa banish ta sama da ƙasa.

Kifa katakon a kan tabarma, ka ɗora firam a bayansa, ka bar santimita uku a kowane ƙarshe da biyu a kowane gefe. Ɗaura sukurori ta ƙasa, masu tsawon milimita 20, don kada bakinsu ya ɓullo ta inda ake zama. Fara da na kusurwoyi huɗu, ka duba bai goce ba, sannan sauran.

Ƙasan ƙafafun ka toshe da murfin roba na bututun milimita 40, ana samunsa a shagunan kayan walda. In babu, yanka tsohuwar tayar mota daidai bakin ka cusa. Yana hana ƙarfen kartar tayil, yana kuma ɗaga shi daga ruwan shara da na wanke-wanke. Kafin a kai shi tsakar gida, manya biyu su zauna a kai su ɗan jijjiga, kai kuma ka durƙusa ka bi kowace walda da ido ko akwai inda fenti ya tsage.